Kwalbar Dutse na Huɗu

Shafi na 19

"Ba zan sa hannu ba, Hedimasta."

Biron yana hannunsa, ya riga ya miƙo mini ta kan tebur, sai hannun ya tsaya a iska. Ban karɓa ba. Na mayar da hannayena baya, irin tsayuwar da shi da kansa ya koya mana a layin safe lokacin muna firamare, na dube shi ido cikin ido.

Shekara shida da yin ritayarsa, kuma shi ne shugaban ƙungiyarmu ta kare kogi, amma har yau babu mai ce masa Shugaba. Hedimasta aka san shi, Hedimasta ake kiransa, har jikokinsa.

Ku da kuka cika ƙasan shafin jiya da tambayar me ke cikin ambulan ɗin, to ga shi nan a buɗe a kan teburin. Sakamakon gwajin ruwa ne na wata na bakwai.

Aikina ba ɓoyayye ba ne. Duk Talatar farkon wata ina ɗaure kula, akwatin ƙanƙara, a bayan babur, da kwalabe biyar a ciki, in bi bakin kogi. Akwai duwatsu biyar da muka shafa wa farin fenti muka rubuta musu lamba. A kowane dutse sai in ɗauraye kwalba sau uku da ruwan wurin, in cika ta, in rubuta rana da lokaci, in kai ɗakin gwaji kafin ƙanƙara ta narke. Daga nan unguwa ta laƙa mini 'Yar Kwalba. Shekara huɗu na yi a jami'a, na fito da sakamakon da ya sa malamaina suka tashi tsaye, na dawo gida aka ce 'Yar Kwalba. Ina amsawa, kaina a sama.

Dutse na huɗu shi ne ciwon kanmu, domin yana ƙasa da bakin kwatar layin marina. Watan farko sakamakonsa ya yi muni har na kasa cin abinci. Daga wata na biyu kuwa sai ya fara gyaruwa, ya ci gaba da gyaruwa, wata biyar a jere. Muka ce ciyawar da mata suka dasa a gaɓa ce, da sharar da aka kwashe. Ni na zana jadawalin mai launi na manna a bangon ofis, duk baƙon da ya shigo sai na tsayar da shi a gabansa.

A wata na bakwai kula ta zame daga babur a kan gada, kwalba ta huɗu ta fashe. Na koma ranar Alhamis ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba, don kunyar a ce 'Yar Kwalba ta fasa kwalba. Ruwan da na tarar a dutse na huɗu ba shi ne na ranar Talata ba. Ya yi duhu, yana wani sheƙi, warin soda yana yanka maƙogwaro. Na sake komawa sau biyu a ranakun da babu wanda ya sani. Duka ukun ɗakin gwaji ya ce sun fi watan farko muni.

Hedimasta ya ajiye biron a hankali, ya ce in zauna. Na ce tsayuwar ta fi mini.

Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya tuna mini cewa ranar Juma'a ce ranar ƙarshe ta aika rahoto ga masu ba da tallafi. Ya ce a kashi na biyu na tallafin ne aka sa ramin tace ruwa da za a gina wa marina, abin da muka shekara biyu muna roƙo, kuma in aka ga lambobin sun koma baya za a dakatar da komai a ce sai an yi bincike. Ya kawo zancen mata goma sha huɗu masu dashe, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, wadda mijinta ke kwance, wadda ke riƙon marayu uku. Duk na san su. Da ni aka ɗauke su aiki.

"Ba ƙarya na ce ki yi ba, 'yata," ya ce. "Ƙa'ida ta ce Talatar farkon wata. Kwalbar Talata ta fashe ko ba ta fashe ba?"

"Ta fashe."

"To rubuta haka, ki tsaya a nan."

Na juya rahoton zuwa shafi na tara na ɗora yatsa a kai. A nan aka rubuta cewa in dutse na huɗu ya ci gaba da kyau, za a cire allon gargaɗin da muka kafa a wurin, wanda ya hana ɗiban ruwa da wanka. Na ce masa masu lambu suna jiran a cire allon nan su mayar da injinsu na ban-ruwa. Na ce matan ƙetaren kogi suna jira su daina tafiyar nan mai nisa zuwa famfo. Ranar da aka cire shi, yara za su faɗa ruwan nan da ihu, kuma sunana ne a ƙasan takardar da ta ba su izini.

Ya ce za a iya jan ƙafa a kan cire allon.

"Ina aji huɗu ka fitar da ni daga jarrabawa," na ce. "Na rantse maka ban kalli takardar ta kusa da ni ba, kuma da gaske ban kalla ba, raɗa mini ta yi. Ka ce ba idona ka tambaya ba, ni ka tambaya."

Ya cire tabarau, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Ya ce da ya san zan riƙe maganar shekara goma sha shida in dawo masa da ita, da ya bar ni na ci jarrabawata.

A nan ne girman kaina ya motsa. Na ce akwai wanda yake zuba mana guba a ranakun da ya san ba na zuwa, kuma sai na gano shi. Na ce ko waye, ko ɗan wa, sai na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe na kai hukumar muhalli da ƙafata.

Ya daɗe yana goge tabaran da bakin rigarsa.

"Babu wanda ya ƙara zubarwa," ya ce. "Abin da kika gani ranar Alhamis shi ne ruwan kullum, har da ɗan ƙari. Na Talata shi ne baƙo. Wa ya san ranar da kike ɗiba, ban da ni da ke?"

Na buɗe baki in ce babu, sai na tuna kalandar falonmu. Da jan biro nake zagaye ranar tun farkon shekara.

"Yau Litinin," ya ce. "Gobe Talatarki. Je ki leƙa bayan rumfar babanki, sannan ki dawo ki gaya mini girman baƙaƙen da za ki rubuta sunan."

Ban tuna yadda na sauko matakalar ofis ba. Babur ɗin ma a nan na bar shi, na tafi a ƙasa.

A layin marina na girma. Na san shi tun ina rarrafe: yadudduka a shanye a kan igiya suna ɗiga, hayaƙin itace a ƙarƙashin manyan tukwane, bugun da ake yi wa yadi a kan gungume har ka ji shi a ƙirjinka. Kwatar da ta ratsa tsakiyar layin kuwa ba ta da launi ɗaya, duk abin da aka rina da safe shi za ka gani a cikinta da rana.

Ranar kwatar a bushe take. Har kaji suna tono a ciki.

Sau nawa na wuce ta ranar Litinin ban lura ba? Ni da na karanta littattafai masu kauri a kan ruwa, ban taɓa sunkuyar da kai na dubi kwatar ƙofar Baba ba.

Kawu Mai Ja, wanda rumfarsa ke manne da ta Baba shekara ashirin da wani abu, ya hango ni ya ɗaga ludayin juyi. Ya ce ga Likita ta zo duba marasa lafiya, a ɓoye sigari. Sauran suka yi dariya. Na gaishe su sama-sama na zagaya bayan rumfa.

Durarruka ne jere a jikin katanga, an rufe su da tsofaffin buhuna. Na ɗaga buhu ɗaya. Ruwan rini ne har baki, baƙi wuluk. Na ɗaga na biyu, ja. Layin ya miƙe har bayan rumfar Kawu, ya wuce, ya sha kwana.

Ina tsaye sai ga Baba ya fito da bokiti biyu, ɗaya a kowane hannu, yana tafiya a karkace saboda bayansa. Wata shida Mama tana shafa masa magani duk farkon wata, ni kuma ina yi masa faɗa a kan ya je asibiti, ina cewa tsufa ne. Ashe bokiti ne.

Da ya gan ni bai firgita ba. Murmushi ya yi, irin na wanda aka kama yana ɓoye wa yaro tsaraba. Ya sauke bokitan ya dafa ƙugu.

"Likitar ruwa. Wa ya tona mini asiri?"

"Baba, mene ne wannan?"

"Gobe ba jarrabawarki ba ce?"

Ya faɗe ta ne kamar yadda yake faɗa lokacin ina sakandare, in ya hana a kunna rediyo a gidan don ina karatu.

Ya jawo mini benci ya goge da hularsa, shi ya zauna a kan bokiti a kife. Ya ba ni labarin duka, yana jin daɗin bayarwa. Wai ranar da sakamakon farko ya fito na dawo gida na shige ɗaki ban ci abinci ba, ya ji ni ta taga ina gaya wa Mama cewa in dutse na huɗu bai gyaru ba za a janye tallafin, a ce ban iya aiki ba. Ya kwana yana juyi. Washegari ya bi rumfunan layin ɗaya bayan ɗaya, su goma sha ɗaya, ya ce musu 'yarsu ce za ta ji kunya a gaban baƙi. Babu wanda ya ƙi. Kowa ya nemo duro, mai biyu, mai uku. Daga safiyar Lahadi har yammacin Talata ba a sakin ko ɗigo a kwata, sai a kwashe da bokiti a tara. Laraba a buɗe.

Ya ce Kawu Mai Ja har akuyarsa ya sayar ya sayo durarruka huɗu, ya ce shi ma ya goya ni ina jaririya, ba Baba kaɗai ke da ni ba.

"Kuma kogin ma yana samun hutu," in ji Baba. "Kwana uku duk wata. Da ba ya samun ko ɗaya."

Na zo da faɗa a bakina tun daga ofis. Na jera kalmomin a hanya, masu kaifi. Na dubi hannayensa a kan gwiwoyinsa, shuɗi har wuyan hannu, faratan baƙi, fatar duk ta tsattsage saboda soda. Da waɗannan hannayen aka biya duk wani littafi da na taɓa buɗewa. Faɗan ya narke.

Na sauko daga bencin na tsuguna a gabansa. Na yi masa bayani a hankali, ba da kalmomin jami'a ba. Na ce kwalbar nan ba ni take aunawa ba, kogin take aunawa. Na ce kamar mara lafiya ne da ya ji likita zai zo, sai 'yan'uwa suka wanke masa fuska, suka zaunar da shi, suka ce ya yi murmushi. Likita ya rubuta ya warke, ya tafi da maganinsa. Na gaya masa abin da ke sauka ranar Laraba in an buɗe durarrukan gaba ɗaya, na kwana uku a wuni guda. Na gaya masa zancen allon, da yaran ƙetare.

Murmushin ya ɗauki lokaci kafin ya bar fuskarsa. Ya tambaye ni kifayen nan da aka ce an gani sun taso a ƙasan gada watan jiya, ko ranar Laraba ce. Na ce Alhamis da safe. Ya gyaɗa kai.

"Ke nan hoton nan naki mai launi da kika nuna mini a ofis..."

"Ba gaskiya ba ne, Baba. Ban sani ba, amma ba gaskiya ba ne."

"Ni na zana shi ke nan, ba ke ba."



Ya tambayi abin da Hedimasta ya ce, na gaya masa. Ya tambayi abin da na ce, na gaya masa, har da zancen manyan baƙaƙe, ban rage ba. Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ce wannan bakin na gidan su Mama ne, su ba su da shi.

"To yanzu me za ki rubuta?"

"Duka."

"Har layin nan?"

"Har layin nan."

"Sunana zai fito?"

"Kai ne shugaban marina, Baba. Kai ka tara su."

Ina jiran ya ce in tuna wanda ya haife ni. Da ya faɗa, wallahi ban san abin da zan yi ba, kuma ba na son in sani. Ina jin bugun yadi daga gaban rumfa, ina jin zuciyata tana binsa.

Sai ya ce in ba shi kwalba.

Ba na rabuwa da ɗaya a jaka. Na ciro na miƙa masa. Ya tashi da ƙyar, ya je duron farko ya yaye buhun. Ya tsoma kwalbar, ya girgiza, ya zubar a bokiti. Ya sake. Ya sake na uku. Sannan ya nutsa ta har ta daina kumfa, ya rufe ta tun tana ciki, daidai yadda ake yi.

Na ce wa ya koya masa.

"Duk Talatarki ina kan gada," ya ce, bai dube ni ba. "Bayan mai sayar da rake nake tsayawa. Ke ba kya ɗaga kai in kina aiki."

Ya goge kwalbar da rigarsa ya sa mini a hannu, ya haɗa yatsuna a kanta da nasa hannun.

"Ki rubuta rana da lokaci. Wajen sunan wanda ya ɗebo, ki sa nawa. Ban sa ki makaranta don ki dawo ki riƙa gyara mini ƙarya ba."

A nan na yi kukan da na hana kaina a gaban Hedimasta. Ya bar ni na yi, yana ɗan bubbuga mini kafaɗa, yana cewa ya isa, kada Kawu ya ji ya ce an taɓa masa Likita. Shuɗin hannunsa ya zauna a kan farin mayafina. Har yau ban wanke shi ba.

Shi ya tara masu rumfunan da kansa bayan la'asar, ni ina tsaye a gefe. Ya ce kuskuren nasa ne, shi ya jawo su. Ya ce kada a buɗe durarrukan ranar Laraba, a bar su yadda suke har a san inda za a kai su. Wani ya ce su taimako suka yi, yanzu taimakon ne zai zama laifi? Wani ya ce a bar yarinya ta yi shiru mana, wa zai sani. Baba ya ce shi ya sani, kuma ya ga kifin.

Kawu Mai Ja ya dube ni, ya dubi durarrukansa huɗu, ya ajiye ludayinsa ya shige rumfa. Tun da nake bai taɓa barina na wuce ba tare da ya tsokane ni ba.

A gida Mama ba ta jira na tambaya ba. Ta ce ita ke karanta masa kalandar, kuma ba ta ga laifinta ba, falonta ne, bangonta ne. Ta yi faɗa sosai. Ta ce ni da ubana duk kanmu ɗaya, dutse, in mun kafe sai dai a zagaye mu. Ta tambaye ni ko takarda ake ci a gidan nan. Ta tambaye ni wa zai ɗauki mutum mai shekara sittin da ciwon baya aiki in an rufe layin. 

Da ta gaji ta zauna. Can ta turo mini kwanon abinci da ƙafa, ta ce in ci, ba za a sake yin na watan farko ba, rashin cin abincina ne ya jawo duk wannan.

Kwana uku na yi ina sake rahoton. Na sa sakamakon Talata shida, na sa na ranakun ɓoye uku, na sa na kwalbar Baba. Na rubuta yadda abin ya faru ba tare da na ƙawata ba, na rubuta dalilinsu, domin shi ma gaskiya ne. Na rubuta cewa kuskuren farko nawa ne, da na tsayar da rana ɗaya kowa ya sani. Na roƙi kada a cire allon, na roƙi a gaggauta ramin tacewa, na ce mutanen da suka ɗauki ruwa da bokiti wata shida don kunyar 'yarsu za su iya riƙe rami in an gina musu. Sunan Baba kuwa da ƙananan baƙaƙe na rubuta shi, daidai da na kowa.

Ranar Juma'a na kai wa Hedimasta. Ya karanta daga farko har ƙarshe, yana bin layi da yatsa kamar mai duba jarrabawa. Ya gyara mini waƙafi biyu. Ya ce shi ba zai sa hannu ba, kwamitin ƙungiya bai yarda ba, kuma ba zai hana ni aikawa ba. Da na kai ƙofa ya kira ni.

"Wata biyu da sanina," ya ce. "Na yi shiru. Ki ƙara wannan ma."

Na ƙara. Na aika da sunana ni kaɗai a ƙasa.

Kwana goma ke nan yau.

An dakatar da kashi na biyu har sai an gama bincike, ba a faɗi rana ba. Kwamiti ya zauna ba da ni ba, aka aiko a karɓi makullin ofis da kula da babur. Matan dashe an ce su zauna a gida. Mai riƙon marayun nan, wadda kullum take ajiye mini inuwa a bakin gaɓa, ta zo har ƙofarmu ta ajiye butar ban-ruwanta a bakin zaure ta juya, ba sallama. Na bi ta ina kiran Iya, ba ta waiwaya ba. Ni nake zuwa yanzu da yamma da butar tata ina shayar da ciyawar, iyakar abin da hannu biyu za su iya.

Hukumar muhalli ta ce a tsayar da aiki a layin marina har a duba. Rumfa goma sha ɗaya a rufe, tukwane a kife. In na bi ta layin, zance yana mutuwa tun kafin in iso.

Allon yana nan a dutse na huɗu. Na je na taɓa shi jiya. Babu yaro ko ɗaya a cikin ruwan.

Baba kuwa, mutumin da shekara talatin da ɗaya rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, yanzu yana zaune a benci a tsakar gida tun safe, yana gyara igiyar shanya da ba ta lalace ba. Bai taɓa ce mini kome a kan rahoton ba. In na fito sai ya ce Likitar ruwa an tashi, ya matsa mini wuri.

Ɗazu na kawo masa shayi, ya miƙo hannu zai karɓa, sai na ga shuɗin ya fara barin yatsunsa. A gindin faratansa wani fari ya fito, siriri. Shekarata ashirin da biyar, ban taɓa ganin ainihin launin farcen mahaifina ba sai yau. Ya ga ina kallo, ya juya hannun yana dubawa shi ma, ya ce ashe haka suke, Mama ta zo ta ga mijin da ta aura.

Na yi dariya don ya ji daɗi. Na shiga ɗaki na toshe bakina da mayafin nan.

In kun tambaye ni ko na yi nadama, ban yi ba. A sake miƙo mini biron nan gobe, hannuna a baya zai tsaya. Amma kada kowa ya rubuto mini a ƙasan shafin nan cewa abu ne mai sauƙi. Ƙin sa hannuna ya ci aikina, ya ci abincin mata goma sha huɗu, ya rufe rumfa goma sha ɗaya, ya raba ni da Kawun da ya goya ni, ya zaunar da Baba a gida.

Kuma bai gama ci ba. Da azahar aka kawo takarda daga hukuma, Baba ne ya karɓa, ya miƙo mini in karanta masa. Masu bincike za su zo ranar Talata. Sun ce wadda ta rubuta rahoton ita za ta shige gaba, ta nuna musu rumfar da abin ya fara.

Baba ya ce in goge masa farar rigarsa.